Muryar da Na Sa wa Wayar Kawu

Shekarar da na dawo Sakkwato daga bautar ƙasa kaina cike yake da iska. Na karanta kwamfuta, na iya zana manhajar waya, kuma a ganina duk abin da ke damun garin nan rashin tsari ne, ni kuwa ga ni na dawo da tsarin a cikin jaka. Mu uku muka haɗa kuɗi muka kama ɗaki a saman wani bene a Sama Road, tsakanin shagon mai tayal da ofishin wani lauya da ban taɓa ganin ƙofarsa a buɗe ba. Abokina shi ke rubuta injin abin, wato ɓangaren da ba a gani. Wata abokiyar karatunmu ita ke kula da lissafi da ƙa'idojin haraji. Ni kuma nawa fuska ce: abin da mutum zai gani in ya buɗe, inda zai danna, da abin da wayar za ta ce masa.

Manhajar ta masu sana'ar kansu ce, waɗanda ba su da albashi kuma ba su da akawu: tela, makaniki, mai kilishi, matar da ke tuyar ƙuli-ƙuli a cikin gida. In ka sayar ka danna, in ka sayo ka danna. Ƙarshen wata wayar ta gaya maka abin da ya shigo, abin da ya fita, da abin da ya kamata ka ware na haraji. Wannan na ƙarshen shi nake taƙama da shi. Duk wanda ya taɓa zama a bakin shago ya san yadda ake yi: masu karɓar haraji su zo sau ɗaya a shekara, su dubi girman rumfa, su dubi kayan da ke rataye, su yanka wa mutum abin da zai biya. Ba na ganin laifinsu, don babu takardar da za a nuna musu. Ni kuwa na ce in mutum yana da lissafinsa a hannu babu mai yanka masa abin da ya fi ƙarfinsa, wanda samunsa bai kai ba kuma sai a ƙyale shi.

Zubin farko na manhajar da muka fitar abin kunya ne. Na kwaso hotuna daga wani kundin zane na Turawa ban duba da kyau ba, ashe alamar ajiya hoton alade ne mai tsaga a baya. Wani tela ya dube shi ya dube ni, ya miƙo mini wayata da yatsu biyu. Na koma na zana asusun ƙasa irin wanda muke fasawa da salla muna yara. Sannan muka gano yawancin mutanenmu boko ba ya karantuwa gare su da sauri, ko da suna zuba ajami, wasu kuma ido ne ya yi rauni. Muka ce to wayar ta yi magana. Muka samo wata muryar inji ta mace mai jin Hausa, muka kai wa wani mai kilishi ya gwada. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Wagga ai Bakanuwa ta," in ji shi. "Kuma ko Kanon ba ta daɗe ba. Ni ba ni ba ta amanar kuɗɗina."

Na ji haushi, amma gaskiya ya faɗa. Shi ya sa na yanke shawarar in sa tawa muryar. Kwana uku ina toshe tagar ofis da katifa saboda ƙarar baburan 'yan kabu-kabu, in kashe fanka, in zauna ina zufa ina karanta lambobi ɗaya bayan ɗaya da Sakkwatancin da na tashi da shi. Na karanta gaisuwa, na karanta gargaɗi, na karanta albishir. Da muka mayar wa mai kilishi ya ce yanzu ya ji ɗan gida.

A nan kawuna ya shigo labarin. Yayan mahaifiyata ne, baduku, rumfarsa na kusa da Ƙofar Taramniya a layin da ya gada wurin mahaifinsa. Tumtum yake yi da jakunkuna da takalma, duk na jar fatar nan tamu. Yana da wata tsohuwar riga da yake ɗorawa in zai yi yanka ko ɗinki, la'asar na yi sai ya tuɓe ta ya rataye, ya fito fes cikin farar shadda yana ƙamshin turare. Daga nan majalisa ta haɗu. Dattawa ne huɗu ko biyar, abokansa na ƙuruciya, babbansu wani tsohon malamin firamare da kowa ke ce wa Malam. Kawu ne ke sa a kawo shayi, shi ke fasa goro, shekara da shekaru, kuma babu mai cewa bari yau ni in biya, don an san ba zai yarda ba. Ni dai na tashi da sanin kawu mai hali ne. Ban taɓa tambayar kaina yadda kasuwar tumtum take ba a zamanin kujerun roba da jakunkunan da ake shigowa da su a buhu.

Injiniya yake ce mini, rabi yabo rabi tsiya. Ranar da na kai masa maganar ya bar ni na yi ta zuba har na gaji.

"Injiniya, ni lissahina ga kaina shike. Shekara arba'in bai ɓace min ba."

"Kawu, gwaji na kawai. Ina son wanda za shi gaya min gaskiya in abin bai yi ba."

"Wa ka ganin abin da nis sa ciki?"

"Babu kowa. Cikin wayakka shike zama, ko ni ba ni ganinai."

Gaskiya na faɗa masa, haka muka gina ta. Ya ja zare da basilla, sannan ya ce tunda ni na yi, a sa masa. Na ji tambayar tasa, amma na ɗauka irin ta tsofaffi ce masu tsoron waya.

Kawu in ya karɓi abu amana ya ɗauke shi. Sauran masu gwajin sai na bi su ina roƙo, shi kuwa kullum yana shigar da komai, daga fatar da ya sayo wurin majema har kuɗin shayin majalisa. In na leƙa sai ya tare ni da ƙorafi: madannin sayarwa ya matse da na saye, babban yatsansa na haɗa biyun, babu wurin sa abin da mutum ya bayar kyauta. Gyare-gyaren da suka fi amfani daga bakinsa suka fito, har na riƙa yi wa abokan aikina gori da shi. Wata huɗu aka yi a haka.

Damuwarmu a lokacin ita ce mutane suna shigar da ciniki amma ba sa komawa su ji sakamako. Sai wata dabara ta faɗo mini. Me zai hana manhajar ta yi magana da kanta, kullum ƙarfe biyar na yamma in kasuwa ta fara sanyi, ta karanta wa mutum inda ya kwana ba sai ya tambaya ba? Abokiyar aikinmu ta ɗago kai daga kwamfutarta.

"Da ƙarhi za ta yi magana? Gaban mutane?"

"To mi? Wayatai ta, kuɗɗinai na."

"Innata ko babanmu ba ta gaya ma abin da tas samu ga tuya. Kai ba ka zauna kasuwa ba."

Maganar ƙarshen ce ta ɓata mini rai, don gaskiya ce. Mahaifina ma'aikacin gwamnati ne, albashinsa duk wanda ya san matakinsa ya san shi, ban tashi da sanin samu abin ɓoyewa ne ba. Na ce mata ɓoye-ɓoyen nan shi ya hana mu ci gaba, na kawo mata misalan ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Ina da wannan halin, in aka taɓa ni sai in ƙara murya maimakon in ƙara tunani. Ta ce to, ta koma aikinta. Ranar Laraba muka tura sabon zubin zuwa wayoyin masu gwaji, ban ko gaya musu abin da aka ƙara ba, wai ina so ya zo musu ba zato su ji daɗi.

Washegari da gangan na yi la'asar a masallacin layin su kawu, don in ga abin da idona. Majalisa ta cika. Na gaishe su na raɓe a gefen tabarma. Ana hirar ruwan da aka yi a ƙauye da yadda shinkafar fadama za ta yi bana. Wayar kawu na kan katakon da yake yanka fata, a jone da caji, ni kuma ina ta satar kallon agogo.

Biyar na cika wayar ta yi ƙara, sai ga muryata tar da ita, har ta fi yadda nake magana a fili.

"Salamu alaikum. Cinikin yau, babu. Cinikin wanga mako, naira dubu ukku. Wanga wata, abin da yah hita ya hi abin da yas shigo. Wata huɗu ke nan jere."

Kawu ya kai hannu. Wayar ta zame masa, igiyar caji ta riƙe ta tana lilo. Yana lalubar inda zai kashe, ni kuma na san babu wurin kashewa, don ban sa ba. Saura jimla ɗaya. Na san ta, har na tuna ranar da na karanta ta ina murmushi don murmushin ya fito a murya.

"Albishirinka. Bisa wanga lissahi, samunka bai kai a karɓi haraji gare ka ba."

Na ji wani yana buga guduma can ƙasan layi. Babu wanda ya dubi kawu, babu wanda ya dube ni. Malam ne ya gyara murya ya ci gaba da maganar shinkafa daidai inda aka tsaya, sauran suka kama masa da sauri har suna katse juna. A raina na ce wataƙila an tsira. Sai ga mai shayi da faranti, ya jera kofuna, ya tsaya kamar kullum. Hannun Malam ya tafi aljihu. Ba na jin ya yi shawara da kansa, tausayi ne ya riga shi, amma kowa ya gani.

"Malam, mai da hannunka," in ji kawu a hankali.

Kawu ya ciro kuɗi ya biya, ya fasa goro ya zagaya da shi, har ni ya miƙo wa. Na karɓa, na kasa kai shi baki.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Mutumin nan shekaru yana riƙe da abinsa, daga shi sai Ubangijinsa, ko 'yar'uwarsa ba ta sani ba. Ya tambaye ni wa zai gani na ce babu kowa, sannan na zo da bakina na karanta wa abokansa. Da muryar Bakanuwar nan ce da sai a ce inji ne ya yi shirme. Wannan kuwa kowa a wurin ya san muryar wa ce, ga mai ita zaune a gefen tabarma.

Kafin magariba na isa ofis muka cire abin. Abokiyar aikinmu ba ta ce ai na gaya maka ba, da ta faɗa ma da na fi samun sauƙi. Ta dai ɗauki waya ta kira sauran masu gwajin ɗaya bayan ɗaya. Allah ya taimake mu, wani wayarsa ba caji, wani ba data, sabon zubin bai ko sauka ba. Kawu ne kullum wayarsa a shirye, saboda ni.

Kwana biyu ina kewaye-kewaye kafin na iya zuwa. Na same shi da hantsi a zauren gidansa a unguwar Gidan Dare yana shan kunu. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce in tashi in zauna, ya turo mini kwanon.

"Wayar ba ta yi ƙarya ba, Injiniya. Ni nis sa mata lissahin da hannuna."

"Ni nic ce maka babu mai ji."

"Ka ce. Ka yi kuskure, ya wuce. Innakka ta ji?"

Na ce ba ta ji ba, ya ce to kada ta ji. Da na yi shiru a nan da na yi hankali. Amma ina neman abin da zan riƙe in ce ko banza an amfana, sai na ɗauko maganar haraji. Na ce in lissafin nan gaskiya ne, to shekaru ke nan yana biyan abin da bai hau kansa ba. Na ce zan buga masa takarda daga manhajar, in masu karɓa sun zo ya nuna musu, doka ma tana bayansa. Ya ajiye ludayi ya dube ni.

"Kana tsammani ban sani ba? Ka taɓa zama layinmu ranad da sunka zaka? Rumhwa-rumhwa suke bi. Wadda sunka tsaya, kowa ya gani. Wadda sunka wuce, kowa ya gani. Mai hwacin taya suna wuce shi, mai sai da rake suna wuce shi. Babana sun tsaya gare shi hal ya rasu, ni ma shekara arba'in suna tsayawa. Ranad da sunka wuce rumhwata, na tashi daga baduku, na koma tsoho mai zaman inuwa."

Na ce amma kuɗin sun yi masa yawa yanzu. Ya ce ya sani, ai shi ke biya. Ban gamsu ba. Na fito ina ce wa raina wannan taurin kai ne irin na mutanen da, mutum ya ƙi sauƙin da doka ta yi masa don kada maƙwabta su gani. Har na ɗan ji haushinsa, ni da na zo neman gafara. Da ya ba ni wayar in yi masa gyara, sai na buga takardar duk da haka, na ninke na sa a jakar kwamfuta.

Makonnin da suka biyo baya na sake fasalin muryar gaba ɗaya. Yanzu ba ta magana sai mutum ya danna kuma ya kara wayar a kunne kamar mai amsa kira, in ya janye sai ta yi tsit. Abokiyar aikinmu ce ta kawo wannan shawarar. Na cire kalmar albishir daga ko'ina. Na kai wa kawu, ya kara a kunne ya yaba, amma na gane ya daina shigar da komai tun ranar nan, ban kuwa tambaye shi dalili ba.

Majalisa ba ta watse ba, sai dai ta canza, kuma canjin ya fi watsewa yi mini ciwo. Dattawan nan mutanen kirki ne, kirkin ne ma ya yi yawa. Wannan ya ce azumin nafila yake yi, ranar da ba Litinin ba ba Alhamis ba. Wancan ya zo da goronsa a aljihu wai tsaraba aka ba shi. Malam da ya shekara ashirin da jaka ɗaya ya tashi yana son sabuwa, bayan mako biyu kuma wai surukinsa na son tumtum biyu. Kawu ya ɗinka, ya karɓi kuɗin daidai farashi, abin da aka ɗora a kai ya mayar. Yana gane komai. Duk da haka kullum sai ya sa an kawo shayin, kofi biyar, ko da uku za su huce ba a taɓa ba.

Ranar da masu haraji suka shigo layin, wani baduku maƙwabcinsa da ke cikin masu gwajinmu ne ya kira ni in zo in taya shi fitar da tasa takardar. Na hau babur na tafi, na ciro ta kawu daga jaka na sa a aljihun gaba. Maƙwabcin ya nuna lissafinsa aka rage masa, ya yi ta sa mini albarka, abin ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Na ƙarasa rumfar kawu na tarar majalisa ta zauna, ga ma'aikatan su biyu, saura rumfa ɗaya su iso.

Na riga na shirya abin da zan yi. Zan ja babban gefe, in miƙa masa takardar a ɓoye, in ce dattijon nan a duba masa. Babu wanda zai ji. Har na miƙe tsaye, hannuna a kan aljihu. Sai na ga kawu ya gyara zaman hularsa, ya kakkaɓe gaban rigarsa, ya matso bakin rumfa ya zauna sosai kamar mai jiran baƙi. Dattawan kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Su ma jira suke su ga ko za a tsaya, kuma suna tsoron abin da za su gani. Takardar zan iya miƙa ta a ɓoye, amma in suka wuce shi duk layin ne zai gani.

Suka tsaya. Aka gaisa, babban ya kira shi baba, ya buɗe littafi ya faɗi abin da aka saba. Kawu ya sa hannu a aljihun ciki ya ciro kuɗi a ninke, ya miƙa bai ce a rage ko sisi ba. Aka rubuta rasit, ya karɓa ya duba da kyau ya adana. Suka yi gaba. Malam ya sauke numfashi ya ce yau kam zai sha shayin nan, a ƙara masa madara. Na koma na zauna da takardata a aljihu, ta jiƙe da zufa.

Ina zaune abin na ta cin raina, don na san abin da ke shigo masa, jakar Malam da tumtum biyu ba za su haɗa wannan kuɗin ba. Ban sami amsa ba sai da aka tashi. Kawu ya shigar da kaya, ya ja ƙyaure ya sa kwaɗo, ya yi sallama da mutane, ya kama hanya a ƙasa. Yana da wani baƙin keke tun kafin a haife ni, mai sirdin fata da ya ɗinka da hannunsa, a kansa yake zuwa kasuwa a kansa yake komawa. Na dubi bangon da yake jingine shi, babu komai. Na tura babur na cim masa.

"Kawu, ina keken?"

Bai tsaya ba, bai kuma dube ni ba.

"Likita yac ce in riƙa tahiya ƙasa. Wai don gwiwa."

Na buɗe baki. Duk abin da na saba faɗa yana nan a kan harshena, da dokar, da takardar, da 'yan kuɗin da nake da su waɗanda za su fanso keken gobe da safe. Na dubi yadda yake ɗaga gefen farar rigarsa don kada ta taɓa ƙasa.

"Gaskiya na, Kawu," na ce. "Ni ma an ce in rage hawan babur."

Ya ce to. Ban tayar da injin ba. Na riƙe kan babur ina turawa a gefensa, muka ratsa gari a hankali yana amsa gaisuwar mutane, har ƙofar gida.